Darasi: Wane Suna Muke Amsawa Bayan Masifa Ta Wuce?

A buɗe taro da alamar gicciye. Sa'an nan mutum ɗaya ya karanta littafin Rut 1:19-22, wani kuma ya karanta Bisharar Yohanna 20:11-29, kafin a shiga darasin.

Gabatarwa



Hausawa sun ce suna linzami ne, wato inda sunan mutum ya ja shi, can yakan nufa. A ƙasarmu kuwa ba sunan yanka kaɗai ake kiran mutum da shi ba, akwai kuma laƙabin da halin da aka haife shi a ciki ya jawo masa. Yaron da aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa akan ce masa Audi. Wanda ya tashi cikin maraici akan ce masa Talle. Wanda aka haifa bayan yayyensa sun yi ta mutuwa akan ce masa Ajuji. Sau da yawa laƙabin yakan danne sunan gaskiya, har mutum ya yi furfura mutanen unguwa ba su san ainihin sunansa ba.

Haka masifa take yi wa wanda ta afka wa. Jiya ana kiran mace da sunanta, yau an koma cewa "matar nan da aka kashe mijinta". Jiya yarinya tana rera waƙa cikin mawaƙan ikilisiya, yau ita ce "wadda aka sace ɗin nan". Manomin da yake da rumbuna cike da dawa, yau sunansa ɗan gudun hijira. Amma akwai sunayen da suka fi waɗannan nauyi, su ne waɗanda mutum yake raɗa wa kansa da tsakar dare, sa'ad da kowa ya yi barci shi kuwa idonsa biyu: matsoraci, lalatacciya, wanda Allah ya yashe.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a gare mu. Dattawa a cikinmu suna tune da Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992. Muna tune da Kaduna a 2000, da Jos a 2001, da bom ɗin da ya tashi a ƙofar majami'ar Waliyiya Teresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da dubban mutanen da suka gudo Yola a 2014 har aka ba su mafaka a harabar babbar majami'ar Katolika ta garin. Kirista da Musulmi duka sun binne nasu a cikin waɗannan shekaru. Ban da waɗannan, akwai masifun da ba a jin labarinsu a rediyo: haɗarin mota, fyaɗe, duka a gidan aure, gobara, mutuwa wajen haihuwa. Tambayar darasinmu ita ce: bayan abin ya wuce, wane ne ni yanzu, kuma yaya Allah yake kallona?

1. Mene ne raunin zuciya?

Allah ya halicci jikinmu da dabarar tsira. Idan haɗari ya taso, zuciya takan yi ta bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya kwarara zuwa hannu da ƙafa, domin mutum ya yi faɗa ko ya gudu. Idan kuwa babu halin faɗa, babu halin gudu, jiki yakan daskare, harshe ya yi nauyi, mutum ya kasa ko motsi. Duk wannan yakan faru kafin tunani ya yanke shawara.

Ga yawancin mutane, jiki yakan kwanta bayan 'yan makonni ko watanni. Ga waɗansu kuwa, kamar ƙararrawa ce da aka kaɗa ta ƙi yin shiru. Sukan yi ta ganin abin a mafarki, ko su ji kamar yanzu yake faruwa. Sukan guje wa hanyar da abin ya faru, ko mutanen da za su tuna musu. Ƙarar salansar babur ko ƙaurin hayaƙi ya isa ya sa su firgita. Iyayenmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Likitocin Amurka sun sa wannan ciwo cikin littafinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Haka kuma, a sabon jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, an ƙara wani nau'i mai tsanani, wanda yakan kama waɗanda suka daɗe cikin azabar da ba su da hanyar kuɓuta daga gare ta, kamar bauta, tsarewa, ko cin zarafi tun ƙuruciya. Ɗaya daga cikin alamunsa shi ne mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da wata daraja, cike da kunya da zargin kai. Mu lura da wannan da kyau: mugun ganin da mutum yake yi wa kansa bayan masifa, shi ma alamar ciwon ce, kamar yadda ɗacin baki yake alamar zazzaɓi. Mai zazzaɓi yakan ce tuwo ba daɗi, alhali kuwa tuwon lafiya lau yake.

2. Sunaye uku na ƙarya

Sunan farko shi ne "mai laifi". Wanda ya tsira yakan ce, "Me ya sa na gudu na bar ƙanena? Me ya sa ban yi ihu ba? Da ban aike shi kasuwa ba da yana nan." Ikilisiya tana koyar da cewa zunubi mai kisa yana bukatar abu uku: babban al'amari, cikakken sani, da yardar rai. Wanda jikinsa ya daskare saboda tsoro bai zaɓi kome ba. Wadda ta aiki ɗanta da safe ba ta san abin da zai faru da azahar ba. Muna yanke wa kanmu na jiya hukunci da sanin da muka samu yau, wannan kuwa ba shari'ar gaskiya ba ce. A Yohanna sura 9, almajirai sun so su san ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu kuwa ya kawar da zargin daga kan mutumin da iyayensa baki ɗaya. Idan kuwa akwai abin da mutum ya aikata da gangan a lokacin tashin hankali, ƙofar sakaramentin tuba a buɗe take. Abin da aka furta aka gafarta ya ƙare, ba a sāke ɗora shi a ka.

Suna na biyu shi ne "ƙazantacce". Wannan ya fi damun waɗanda aka ci zarafin jikinsu, mata da 'yan mata, har da yara maza. Wannan tambaya tsohuwa ce a cikin Ikilisiya. A shekara ta 410 mayaƙa suka fāɗa wa birnin Roma suka washe shi, aka kuma yi wa mata Kirista da yawa fyaɗe, har da waɗanda suka keɓe kansu ga Allah. Waliyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ɗan Afirka kamarmu, ya amsa wannan a kashi na farko na littafinsa Birnin Allah. Ya koyar da cewa tsarki yana zaune a cikin nufin zuciya, kuma abin da wani ya yi wa jikin mutum da ƙarfi, ba da yardarsa ba, ba ya iya ƙwace masa tsarkinsa. Laifin na wanda ya aikata ne shi kaɗai. Saboda haka wadda aka yi wa haka ba ta da abin da za ta furta a kan wannan, kuma ba abin da ya hana ta karɓar Jiki da Jinin Kristi. Duk wanda ya nuna ta da baki, ko ya ce a fasa aurenta, ko ya ƙyamaci ɗan da ta komo da shi daga daji, shi ne yake da bukatar zuwa wurin Fada ya tuba.

Suna na uku shi ne "yasasshe". Mutum yakan ce, "Na yi addu'a a ranar, na kira sunan Yesu, amma aka yi abin da aka yi." Ba za mu ruɗe ku da amsa mai araha ba. Abin da muka sani shi ne, Allah ya bar irin wannan kuka a cikin Littafinsa, bai goge shi ba. Zabura 88 ta fara da kuka ta kuma ƙare a cikin duhu, ba ta da ko kalma ɗaya ta murna a ƙarshe, duk da haka Ikilisiya tana yin addu'a da ita a addu'ar dare ta kowace Jumma'a. Ubangijinmu da kansa ya ɗauki farkon Zabura 22 ya yi kuka da shi a kan gicciye. Wanda yake jin kamar Allah ya yashe shi yana tsaye ne a wurin da Ɗan Allah ya taɓa tsayawa.

3. Na'omi, wadda ta canza wa kanta suna

Yunwa ce ta kori Na'omi da mijinta da 'ya'yansu biyu daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. A can mijin ya rasu, bayan kamar shekara goma 'ya'yan biyu suka bi shi. Da ta komo gida, matan gari suka yi mamaki, suna tambayar juna ko ita ce. Sai ta hana su kiranta Na'omi, sunan da ma'anarsa daɗi ce, ta ce su kira ta Mara, wato ɗaci. Ta ɗora abin a kan Allah kai tsaye, ta kuma ce ta tafi a wadace ta komo hannu wofi.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mu lura da su. Na ɗaya, ba wanda ya tsawata mata. Allah bai hukunta ta saboda maganarta ba. Na biyu, sa'ad da take cewa ta komo hannu wofi, Rut surukarta tana tsaye kusa da ita, wadda ta bar ƙasarta da danginta domin ta bi ta. Baƙin ciki ya rufe mata ido har ba ta lissafa Rut cikin abin da ya rage mata ba. Na uku, kuma shi ne mafi girma: ku karanta littafin har ƙarshe, ba za ku sāke samun sunan Mara ba ko sau ɗaya. Marubucin ya ci gaba da kiranta Na'omi. Bo'aza ya kira ta Na'omi. A sura ta 4, matan nan na gari, da suka ga jariri Obida a cinyarta, da sunan Na'omi suka yi mata barka. An ji kukanta, an girmama shi, amma ba a karɓi sunan da ta raɗa wa kanta ba. Jama'a suka riƙe mata sunanta na gaskiya har ranar da ta iya sāke amsa shi.

Yakubu ma ya yi irin wannan. A Farawa 35, Rahila tana bakin mutuwa wajen haihuwa ta sa wa jaririn suna Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina, amma mahaifinsa ya kira shi Biliyaminu, ɗan hannun dama. Bai yarda yaron ya yi yawo da ranar mutuwar uwarsa a goshinsa ba.

4. Bakhita, wadda ta manta sunanta

An haifi Waliyiya Josefin Bakhita wajen shekara ta 1869 a yankin Darfur na ƙasar Sudan. Tana yarinya ƙarama, ba ta kai shekara goma ba, masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta tuna shi ba. Waɗanda suka sace ta ne suka sa mata Bakhita, kalmar Larabci mai ma'anar mai sa'a. Ku dubi wannan ba'a: a raba yarinya da uwarta, a ɗaure ta da sarƙa, sa'an nan a ce mata mai sa'a.

An sayar da ita sau da yawa. A gidan wani hafsan sojan Turkiyya an zāna mata jiki da gari, aka bi zanen da aska, aka cusa gishiri a cikin yankan domin tabon ya zauna. Tabo fiye da 100 ta ɗauka a jikinta har kabari. Daga baya wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta a Khartoum, ya tafi da ita ƙasarsu a 1885, inda ta zama mai renon 'yar wani gida. Da aka ajiye ta na ɗan lokaci a gidan sistoci na ƙungiyar Kanosa a birnin Benis, sai ta fara koyon katikisma. Uwargijiyarta ta dawo za ta ɗauke ta, Bakhita ta ce ba za ta tafi ba. Maganar ta kai gaban hukuma, kuma ranar 29 ga Nuwamba, 1889, aka yanke cewa ita 'ya ce, ba mai iko da ita. Ranar 9 ga Janairu, 1890, aka yi mata baftisma. Ta yi alkawarin zama sista a 1896, ta kuma yi mafi yawan sauran rayuwarta a garin Skiyo tana dafa abinci, tana kula da kayan bagade, tana tsaron ƙofa. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin jerin masu albarka a 1992, ya kuma bayyana ta waliyiya ranar 1 ga Oktoba, 2000.

Me muka koya daga gare ta? Da fari, ba a maido mata da abin da aka ƙwace ba. Ba ta sāke ganin uwarta ba, ba ta koma garinsu ba, sunanta na fari ya tafi ke nan. Waɗanda suke jiran su koma yadda suke kafin masifa, sa'an nan su ce sun warke, suna iya jira har abada. Ita kuwa ta sami wani abin tsayawa: ta gane cewa akwai Ubangiji wanda ya fi dukan iyayengijin da suka mallake ta, wanda ya san ta, yake ƙaunarta, wanda shi ma an yi masa bulala. An ba da labari cewa takan sumbaci wurin da aka yi mata baftisma, domin a nan ne ta zama 'yar Allah.

Na biyu, cikin sunayen da aka ba ta ranar baftisma akwai Fortunata, wanda shi ne ma'anar Bakhita a harshen mutanen can. Sunan da aka sa mata don wulakanci, shi ne ta ɗauka ta shiga ruwan baftisma da shi, ya fito da wata ma'ana. Da wannan suna ne dukan duniya take neman roƙonta a yau.

Na uku, kuma muna roƙo kowa ya riƙe wannan: a ciwonta na ƙarshe, bayan shekara 50 cikin rigar sista, hankalinta ya koma kwanakin bauta, har ta riƙa roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙin domin sun yi nauyi. Waliyiya ce, amma firgicin ƙuruciyarta ya dawo mata a gadon mutuwa. Saboda haka kada wani ya ce maka mugun mafarkin da kake yi alamar ƙarancin bangaskiya ne. Kada wata ta ce miki da kina addu'a sosai da kin manta.

Gaskiya ne Bakhita ta gafarta wa waɗanda suka sace ta, har ta yi musu addu'a. Amma ta yi wannan ne bayan ta sami 'yanci da wurin zama lafiya, cikin shekaru masu yawa. Kuma kafin nan ta buɗe baki ta ce a'a, ta tsaya gaban hukuma. Kada mu ɗauki ƙarshen tafiyarta mu ɗora wa wanda yake farkon tasa.

5. Hatimin da ba ya gogewa

A hidimar baftismar jarirai, tambayar farko da Fada yake yi wa iyaye ita ce wane suna suka ba yaron. Da wannan suna ake zuba masa ruwa. Katikisma ta Ikilisiyar Katolika, a lamba 1272, tana koyar da cewa baftisma tana buga wa mutum hatimi na ruhaniya wanda ba ya gogewa, ko zunubi ma ba ya iya kankare shi. Shi ya sa ba a yi wa mutum baftisma sau biyu. To, idan zunubin da mutum ya aikata da hannunsa bai iya goge hatimin nan ba, yaya muguntar da wani ya yi masa za ta goge shi? Bindiga ba ta kai wurin ba, wuta ba ta kai ba, hannun mai fyaɗe bai kai ba. Tun kafin baftisma ma, Farawa 1 ta shaida cewa kowane ɗan Adam an yi shi cikin kamannin Allah, saboda haka wannan daraja ta haɗa har da maƙwabtanmu da ba Kirista ba, waɗanda su ma suke ɗauke da nasu raunukan.

Mu koma ga karatunmu na biyu. Maryamu Magadaliya ta ga kisan Ubangijinta da idonta. Da asubar Lahadi tana kuka a bakin kabari, Yesu yana tsaye a gabanta amma ba ta gane shi ba, ta zaci mai lambu ne. Bai yi mata doguwar huɗuba ba. Sunanta ya kira, sai ta gane shi, ta kuma gane kanta, har ya aike ta da labarin tashinsa zuwa wurin manzanni. Bayan kwana takwas ya nuna wa Toma hannuwansa da kwiɓinsa. Jikin da ya tashi cikin ɗaukaka yana ɗauke da gurbin ƙusoshi. Uban da ya ta da shi daga matattu yana da ikon shafe su, amma ya bar su. Sun daina zub da jini, sun zama shaida. Wannan shi ne begen mai raunin zuciya: tabon zai zauna, labarin zai zauna, amma ranar tana zuwa da zai iya taɓa wurin ba tare da ya sāke mutuwa ba.

6. Hanyar komowa

Wata likita Ba'amurkiya, Judith Herman, ta nuna a littafin da ta buga a 1992 cewa warkewa takan bi matakai uku: samun kwanciyar hankali, tunawa da makoki, sa'an nan sāke haɗuwa da jama'a. Wanda ya san Littafi Mai Tsarki ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Mataki na farko, jiki. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin wani itace a jeji, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashe shi ya ci. Sai bayan kwana 40, a dutsen Horeb, Allah ya yi magana da shi. Mai rauni yana bukatar wurin kwana da ba a tsoro, da abinci, da barci, da aikin hannu na kowace rana. A guji neman barci a cikin burkutu ko ƙwayoyi, gama sukan kwantar da ciwon dare ɗaya su ninka shi gobe.

Mataki na biyu, baki. A 2 Sama'ila 13, bayan Amnon ya ci zarafin Tamar, wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, kada ta sa abin a ranta. Abin da muka ji game da ita daga nan shi ne ta zauna a gidansa a kaɗaice, ba mai ta'azantar da ita. Shirun dole kabari ne. A nemi mutum ɗaya mai riƙon amana a gaya masa, kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da zuciya za ta iya ɗauka. Ba a tilasta wa kowa ya ba da labarinsa, balle a tsai da shi gaban jama'a ya ba da shaida alhali bai shirya ba.

Mataki na uku, jama'a. A koma Mas ko da a bencin baya kusa da ƙofa ne. A koma zumunta, a koma gona, a koma kasuwa. Idan addu'a ta ƙi fitowa, a riƙe rosari a hannu a yi shiru, Ikilisiya tana yin addu'a a madadinmu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Idan kuwa alamun nan sun wuce wata guda suna hana mutum aiki ko barci, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Littafin Sirak sura 38 ya umarce mu mu girmama likita, gama Allah ne ya ba shi sani. Kada mu yi saurin cewa aljanu ne. Ikilisiya da kanta ta umarci firistoci su tabbatar ba ciwo ba ne kafin a yi maganar korar aljanu. Wanda kuma ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi taimako a ranar.

7. Aikinmu na ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin da matan Baitalami suka yi wa Na'omi shi ne namu: mu riƙe wa ɗan'uwa sunansa har ya iya amsawa. Mu kira gwauruwa da sunanta. Mu daina nuna 'yan gudun hijira da wannan laƙabi kaɗai, gama a cikinsu akwai katakis, akwai tela, akwai ungozoma, akwai mai kiɗan ganga. Mu ba su aiki a cikin ikilisiya, domin wanda kullum hannunsa ne a ƙasa yakan manta cewa yana da abin bayarwa.

Mu kula da harshenmu a gidan makoki da wurin jaje. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata, har Allah ya husata da su a sura ta 42. Haƙuri abu ne mai kyau, amma "yi haƙuri" kada ta zama murfin da muke rufe bakin mai kuka da shi domin mu huta da jin labarinsa. Haka kuma gafara ba ta hana shari'a. Idan wanda ya yi ɓarnar dangi ne, ko malami, ko ma ma'aikacin ikilisiya, a kai magana gaban hukuma, a kuma sanar da shugabannin dayosis. Rufa asirin mai ɓarna tona asirin yaro na gaba ne.

Zumuntar Mata Katolika, ƙungiyar maza, matasa, da mawaƙa, kowace ƙungiya ta duba rajistarta ta ga wa ya daina zuwa tun da abu ya same shi, a aiki mutum biyu su gaishe shi. Ranar 8 ga Fabrairu, idin Waliyiya Bakhita, wadda tun 2015 ta zama ranar addu'a domin waɗanda ake fataucinsu, ta dace a roƙi Fada ya miƙa Mas domin dukan masu raunin zuciya a cikinmu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne laƙabai ne muke kiran waɗanda masifa ta afka wa da su a unguwarmu, kuma me suke ji idan sun ji su?
2. Me ya sa marubucin littafin Rut bai sāke kiran Na'omi da sunan Mara ba?
3. Yaya koyarwar Waliyi Agustin za ta canza yadda muke karɓar mata da 'yan matan da suka komo daga hannun masu garkuwa?
4. Mene ne bambancin ƙarfafa mutum ya gafarta da tilasta masa ya yi shiru?
5. Wa ya daina zuwa taronmu, kuma su wa za su je gaishe shi a wannan mako?

Addu'ar rufewa

Ya Uba Maɗaukaki, kai ne ka san kowannenmu da sunansa tun ba a haife mu ba. Ka dubi 'ya'yanka waɗanda tsoro ya hana su barci, da waɗanda kunyar laifin wani ta sunkuyar musu da kai. Ka tuna musu da ranar baftismarsu. Ka ba mu kunnen saurare, da bakin da ya san lokacin shiru, da ƙafar zuwa gaisuwa. Uwa Maryamu, wadda kika tsaya a gindin gicciye, ki yi addu'a dominmu. Waliyiya Josefin Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.